Lita Biyu a Spa

Mako uku ke nan da faruwar abin, amma har yanzu duk lokacin da na zauna gaban sitiyari, idona ya faɗa kan ma'aunin mai da ke kusurwar allo, sai in ji raina ya sosu kamar daren jiya aka yi. Tseren awa ɗaya ne a filin Spa-Francorchamps na ƙasar Beljiyam, cikin wasan tseren motoci na kwamfuta mai suna Assetto Corsa Competizione, kuma shi ne na biyar cikin tsere shida na wata ƙaramar gasa da nake shiga ta intanet daga ɗakina a Ƙofar Ƙaura. Mu 24 muka tashi, ni kaɗai ne daga Najeriya. Na shafe kusan minti 50 ina riƙe da matsayi na uku, wanda ban taɓa kaiwa ba tun da na shiga gasar, amma na ƙare a na 12, motata tana tsaye cik, ina hangen layin ƙarshe da bai fi mita 200 daga inda nake ba.

Ba wuta aka ɗauke ba, ba kuma intanet ce ta yanke ba. Waɗannan na daɗe da yi musu tanadi. Tun la'asar na tabbatar batirin inbata ya cika, na roƙi mutanen gida su rage kallo a waya daga ƙarfe 9 zuwa 10 na dare, har fanka na kashe duk da zafin Afrilu don kada batirin ya gaza. Abin da ya kayar da ni lissafin da na yi ne da hannuna a bayan wata tsohuwar takarda, sai kuma taurin kan da ya hana ni gyara shi a lokacin da gyaran yake da sauƙi.

Lokacin da na sayi sitiyarina, Logitech G29 na hannu da aka kawo mini daga Kano, tuƙin ƙarfi nake yi. Nakan jinkirta birki har sai na ga kamar zan wuce kwana, in take shi da dukkan ƙarfina, in karya sitiyari a lokaci guda, sannan in danne totur tun motar ba ta miƙe ba. A zagaye ɗaya tak irin wannan tuƙin yana iya ba da lokaci mai kyau, shi ya sa yake ruɗin mutum. A tsere mai tsawo kuwa, kafin zagaye na goma tayoyin gaba sun yi zafi fiye da kima, motar ta fara ƙin shiga kwana, waɗanda na wuce da fari su dawo su wuce ni ɗaya bayan ɗaya ba tare da sun wahala ba. Sai da na ɗauki kusan shekara ina koyon sakin birki sannu a hankali yayin da nake karya sitiyari, yadda nauyin motar zai zauna a kan tayoyin gaba har tsakiyar kwana, da kuma jinkirta totur har sai na ga mafita. Na koma BMW M4 GT3 saboda injinta a gaba yake kuma tana da haƙuri da kuskure. Na koyi daidaita iskar taya yadda za ta zauna tsakanin psi 26 da 27 (ma'aunin ƙarfin iskar taya) idan ta yi zafi, kamar yadda wasan yake so tun bayan sabuntawar 1.9 ta 2023. Akwai kuma abin da nisa ya tilasta mini: saƙona yakan ɗauki kimanin milisakan 140 kafin ya isa uwar garken da ke Turai, don haka motar da nake gani a gefena ba lallai ne tana daidai wurin da allo ya nuna ba. Dole na saba da barin tazarar rabin mota fiye da abokan karawata, kuma wannan ya rage mini karo sosai.

Na faɗi duk wannan ne don a gane cewa a daren nan na shiga tseren ina ganin na gama gyara kaina.

Ga lissafin da na yi. Tsawon Spa kilomita 7.004 ne, kuma a gwajin da na yi cikin mako matsakaicin zagayena minti 2 da sakan 22 ne, ina ƙona lita 3.7 a kowane zagaye. Dokar gasar ta wajabta shiga gareji sau ɗaya a canza taya, abin da ke cin kimanin sakan 70 daga shiga zuwa fita. Na ninka sakan 142 sau 25, na ƙara 70, ya ba ni 3,620, wato agogon awa ɗaya zai cika ina cikin zagaye na 25. Zagaye 25 na bukatar lita 92.5. Na ƙara biyu da rabi na zagayen ɗumama taya, na ɗora lita biyu saboda tsaro, jimla 97. Na tashi da 60, na tsara a zuba mini 37 a gareji. Ko yanzu na sake duba takardar, babu kuskure ko ɗaya a ninkawar da tarawar.

Kuskuren yana cikin wanda na ɗora lissafin a kansa. A tseren da ake yi da agogo, ba saurina ne ke yanke adadin zagaye ba, saurin wanda ke kan gaba ne. Idan ya tsallake layi saura ko da sakan ɗaya agogo ya cika, to ya buɗe sabon zagaye, kuma duk wanda bai riga ya zagaye shi ba sai ya yi wannan zagayen. Na san wannan doka sarai, na sha faɗa wa wasu ma. Amma da na zauna da biro, sai na auna tseren da ƙafata kamar ni kaɗai ne a filin.

Farkon tseren ya tafi lafiya. Na tashi na shida, motoci biyu suka yi karo a kwanar farko, La Source, na bi ta ciki na fito na huɗu, a zagaye na huɗu na karɓi na uku a kwanar Les Combes. Na shiga gareji a ƙarshen zagaye na 12, zagaye ɗaya kafin wani ɗan ƙasar Fotugal da ke na biyu a cikin Ferrari, da niyyar in ci moriyar sabuwar taya kafin shi ya shiga. Dabarar ta kusa ci, domin da ya fito sakan ɗaya da rabi kawai ke tsakaninmu, daga sakan biyar da yake a da. Daga nan ne hankalina ya bar komai ya koma kan bayan motarsa.

Ƙanena ne ke zama kusa da ni a irin waɗannan darare, da littafi da waya, yana bibiyar tazara da lokutan zagaye. A zagaye na 15 ya ce mini, "Yaya, na gaban can fa yana yin 2:20 da ɗoriya, kuma ba ya sassautawa. Ina jin zai tsallake layi kafin agogo ya cika." A daidai lokacin ina gangarawa kwanar Eau Rouge, hancin motata a gindin Ferrari, ina shirin hawa tudun Raidillon ba tare da ɗaga ƙafa ba don motarsa ta yanka mini iska a miƙaƙƙen titin Kemmel. Na ce masa ya bari tukuna. Bayan zagaye biyu ya sake cewa, "Yaya, don Allah ka duba mai." Na amsa masa cikin faɗa cewa na yi lissafi tun da rana, ya bar ni in tuƙa. Ya yi shiru, kamar yadda ƙane yake yi idan yayansa ya ɗaga murya, bai sake magana ba sai da ni na tambaye shi.

Wannan wurin ne ya fi ci mini rai, fiye da tsayawar motar ma. A zagaye na 15 saura mini zagaye 11, kuma gibin bai kai lita biyu ba. Da na saurare shi, abin da ake bukata shi ne in tsimi ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na lita a kowane zagaye. Hanyar kuwa na san ta: a ɗaga ƙafa daga totur kamar mita 50 kafin wurin birki, a bar motar ta gangara da kanta, a Les Combes, a kwanar ƙarshe da ake kira Bus Stop, da La Source. Asarar lokacin ba ta taka kara ta karya ba, kuma ina bayan wata motar da ke yanka mini iska, wanda shi ne yanayi mafi sauƙi na tsimin mai idan mutum ya yarda ya sassauta ƙafa maimakon ya yi ta kai hari. Na huɗu yana bayana da sakan 14. Ba abin da zai taɓa matsayina.

Maimakon haka sai tsohon tuƙina ya dawo ba tare da na ankara ba. Na koma jinkirta birki, ina kutsawa ta ciki a wuraren da na san ba za su yiwu ba, ina fitowa da kwana a karkace, ina danne totur da wuri har na'urar hana zamewa tana ta ƙiftawa. Sau uku na jera da shi a Kemmel muna gudun sama da kilomita 250 a awa, sau uku yana rufe mini ciki a Les Combes cikin tsabta, ba tare da ya taɓa ni ba. Mutumin ya iya tsaron matsayi, ba ni da abin cewa a kansa. Amma kowane hari da na kai ƙarin mai ne, shan motata ya tashi daga 3.7 zuwa 3.8, lita biyun da na ajiye saboda tsaro suna ta zurarewa ina kallon wani wuri. Baffana da ya yi kiwon dawakin sukuwa yakan ce mahayin da ya saki linzami tun daga tashi, dokinsa ne zai biya a ƙarshen fili. Na sha jin wannan magana tun ina yaro, ban taɓa kawo ta kusa da sitiyari ba sai bayan daren nan.

A ƙarshen zagaye na 23 ne na kalli ma'auni da kyau, na ga man da ya rage bai kai na zagaye uku ba. Na tambayi ƙanena, ya ce a hankali, "Zagaye 26 ne, Yaya. Zai wuce da saura kamar sakan 17." Haka kuwa aka yi. Nan take na saki Ferrari ya tafi, na mayar da injin kan tsarin tsimin mai, na riƙa ɗaga ƙafa tun mita 150 kafin birki, ina saka giya ta gaba tun injin bai cika kuka ba. Na tsimi kusan lita ɗaya a cikin zagaye biyu da rabi, wanda ba ƙaramin abu ba ne, sai dai aikin zagaye 11 ba ya shiga cikin uku. Bayan na fito daga kwanar Stavelot a zagaye na 26 injin ya fara tari. Kafin kwanar Blanchimont ya mutu. Motar ta gangara da sauran gudunta har Bus Stop, lanƙwasa biyun nan suka cinye abin da ya rage, ta tsaya. Na koma gefe gwargwadon iko don kada in jawo wa wani hatsari, na zauna ina kallon motoci tara suna wuce ni.

Abin da na fara yi bayan na kashe kwamfuta shi ne ba ƙanena haƙuri. Ya ce ba komai, amma na san ya ji zafi, domin shi ma makonni biyar ya yi yana zama da ni a cikin wannan zafin.

Ga wanda ke shirin shiga tseren agogo, ina roƙonsa ya ɗauki lokacin wanda ya fi kowa sauri a zagayen neman gurbi ya yi lissafin adadin zagaye da shi, sannan ya ninka da shan man motarsa, kuma shan da ya auna yana cikin cunkoso, ba wanda ya auna shi kaɗai a fili ba. Idan lissafin ya faɗo kusa da iyaka, kamar yadda nawa ya faɗo da sakan 20 kacal, to ya ɗauka zagayen nan na ƙari yana nan tafe. Litar fetur ba ta wuce kusan kashi uku cikin huɗu na kilo ba, don haka lita huɗu kilo uku ne a motar da ta haura kilo 1,200. A gasarmu ma lokacin zuba mai ƙayyadadde ne, ko lita 37 ko 41 tsayuwar ɗaya ce. Ban san abin da nake tsoro ba da na ƙi zuba su, illa dai son a ce lissafina ya fita daidai ba ragi ba ƙari. Na kuma daina ɗaukar salon tuƙi da dabarar tsere a matsayin abubuwa biyu, domin a daren nan ƙafata ta dama ce ta rushe abin da na rubuta a takarda, kuma ita ce da za ta iya cece shi.

Tsere na shida a filin Monza na ƙasar Italiya aka yi. Na yi lissafi da lokacin na kan gaba, na ƙara zagaye ɗaya cur, kuma muka yi yarjejeniya da ƙanena cewa duk zagaye biyar zai faɗi man da ya rage da adadin zagayen da yake hasashe, ko ina tsakiyar kwana ne, ni kuma ba zan ce masa ya bari ba. Na ƙare na biyar da lita 4 a tanki. A teburin ƙarshe na gasar na zo na shida, maki 7 tsakanina da na huɗu, wanda shi ne gurbi na ƙarshe na hawa rukunin sama. Matsayi na uku a Spa maki 15 ne, na 12 kuwa ba ya da ko ɗaya.