Rediyon jaz da ya fara daga ɗakin ajiya: darussa daga tarihin WWOZ

Ranar 4 ga Disamba, 1980, wata sabuwar tasha ta fara aiki a kan mita 90.7 zangon FM a birnin New Orleans na Amurka. Sunanta WWOZ. Wa da ƙane ne daga jihar Texas suka kafa ta, Walter Brock da Jerry Brock, bayan sun lura garin da ya haifi kiɗan jaz ba shi da gidan rediyon da ya ba makaɗansa muhimmanci. Ko situdiyo ba su da shi. Sai a naɗi shiri a kaset, a kai shi wani ɗan ɗakin bulo da ke gindin turken eriya a Bridge City, tsallaken kogin Mississippi, a kunna daga can.

Darasin da na fara ɗauka daga wannan mafari shi ne, lasisi da mita su ne gidan rediyo, gini daga baya yake zuwa. A Amurka an ware mita 88.1 zuwa 91.9 ga tashoshin da ba na kasuwanci ba, kuma a babban birni guraben ba su da yawa. Wanda ya tsaya jiran sai ya haɗa kayan aiki na zamani, zai waiga ya tarar wani ya riga shi. Shi ya sa suka hau iska da abin da ke hannunsu. Har yau dokar hukumar sadarwa ta FCC ba ta wasa da shiru: tashar da ta wuce kwana 10 a kashe sai ta sanar, in ta wuce kwana 30 sai ta nemi izini, in kuwa ta cika wata 12 a jere, lasisin ya mutu da kansa. 

Daga Bridge City tashar ta koma saman gidan rawa na Tipitina's, cikin ɗakin da ake ajiye giya. A nan ne masu gabatarwa ke zura makirfo ta wata ɓula a daɓe, ya sauka kan makaɗan da ke wasa a ƙasa, masu sauraro su ji kai tsaye. Sautin ba zai gamsar da injiniya ba. Makirfo ɗaya a rataye yakan kwashi ganga da kakaki da hayaniyar jama'a, ya bar piyano da babbar garayar nan ta bes a baya. Amma ya kafa wata ɗabi'a da tashar ba ta sake ta ba, wato ta je inda ake kiɗa maimakon ta jira faifai ya fito.

Aikin ɗauko wasa kai tsaye yana da ƙa'ida, kuma inda aka fi yin kuskure shi ne a ja waya ɗaya daga na'urar haɗa sautin da ke ciyar da lasifikokin fili. Wancan haɗin an yi shi ne don mutanen da ke tsaye gaban dandamali. Su suna jin ganga da kakaki da kunnensu, don haka mai haɗawa ba ya ɗaga su, murya da piyano yake ɗagawa. In aka tura wannan haɗin ga rediyo, mai sauraro a gida zai ji mawaƙi kamar shi kaɗai ne a ɗaki. Gyaran shi ne a raba siginar kowane makirfo gida biyu, ɗaya ga fili, ɗaya ga rediyo, mai haɗa sautin rediyo ya zauna nesa da lasifika, a kuma kafa makirfo biyu masu fuskantar jama'a domin tafi da shewa su shigo. Sannan a sa na'urar jinkirta sauti na 'yan daƙiƙu, saboda dokar hana batsa a iska tana aiki daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare, kuma in mawaƙi ya yi suɓul da baka, tashar ce za a ci tara.

Shi kansa jaz yana da halin da ke wahalar da na'ura. Waƙa ɗaya takan sauka ƙasa-ƙasa har ka ji numfashin mai busa, sannan ta tashi gaba ɗaya. Na'urar matse sauti da tashoshin kasuwanci ke ƙure wa don su fi kowa ƙara, in aka ƙure ta a nan, sai ta daidaita komai, kuge ya riƙa tsiyaya kamar ana soya mai, daɗin ya tafi. A sassauta ta. Haka na'urar da ke gadin shiru, wadda ke kunna shirin ajiya in ta ji sauti ya ɗauke: in an saita ta da garaje, mai bes na cikin kaɗa nasa shi kaɗai a hankali za ta ɗauka tasha ta mutu, ta katse shi.

A 1984 WWOZ ta koma lambun Louis Armstrong a unguwar Tremé, kusa da dandalin Kongo inda bayin da aka kwaso daga Afirka ke taruwa ranar Lahadi su yi kiɗa da rawa. Wuri ya yi daidai, amma aljihu bai yi ba. Kafin ƙarshen shekarun 1980 rashin kuɗi ya kusa rufe ta, sai gidauniyar da ke da bikin jaz da al'adun New Orleans ta tallafe ta a 1987. A ganina nan ne darasin da masu son kiɗa suka fi ƙin ji. 'Yan sa-kai za su iya cika sa'o'in shiri ba tare da ko sisi ba, amma ba za su biya wutar na'urar watsawa, da hayar turke, da inshora, da albashin injiniya, da kuɗin haƙƙin mallakar waƙoƙi ba. Tasha irin wannan ba ta da izinin talla. Abin da aka yarda shi ne ta ambaci wanda ya tallafa, da sunansa da inda yake da abin da yake yi, ba faɗin farashi, ba “ku garzayo ku saya”, ba cewa ya fi wane. Don haka ƙashin bayan kuɗinta gudummawar masu sauraro ce, wadda ake roƙa a iska sau biyu a shekara, da wani tikitin musamman na bikin jaz da tashar ke sayarwa. Hikimar hakan ta ƙara fitowa a 2025, da majalisar dokokin Amurka ta janye kuɗin da take ba hukumar tallafa wa kafofin watsa labarai na jama'a.

Masu gabatar da shirye-shiryenta 'yan sa-kai ne, kowa shi ke zaɓar abin da zai sa, galibi daga faya-fayan da ya tara da kuɗinsa. Akwai makaɗa a cikinsu. Marigayi Ernie K-Doe ya yi shiri a can. Wannan 'yancin ne ya sa tashar ba ta kama da kowace, amma yana da iyaka da dole a koya wa sabon shiga: faɗin sunan tasha da garinta a kan kowace awa, da rubuta kowace waƙa da aka sa. Da aka fara watsawa ta intanet sai wata doka ta ƙaru. A cikin awa 3, ba a wuce waƙa 3 daga kundi ɗaya, ko waƙa 4 na mawaƙi ɗaya. Mai son ya sadaukar da dare guda ga gwani ɗaya, abin da masoya jaz ke matuƙar so, sai ya nemi izini tukuna.

Sai 29 ga Agusta, 2005. Mahaukaciyar guguwar Katrina ta faɗa wa yankin, madatsun ruwa suka ɓalle, kusan kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse. Tashar ta riga ta rufe, ma'aikata da 'yan sa-kai sun watse jihohi daban-daban, da yawansu ruwa ya cinye faya-fayan da suka yi shekaru suna tarawa. Wanda ya fara kai ɗauki wata tashar al'umma ce mai nisa, WFMU ta jihar New Jersey, wadda ta ba da na'urorinta aka ci gaba da watsa WWOZ ta intanet. Da me? Da tsofaffin shirye-shiryen da masu sauraro suka taɓa naɗa a gidajensu suka aiko. A watan Oktoba ta dawo FM daga situdiyon aro a Baton Rouge, babban birnin jihar Louisiana, a Disamba ta koma New Orleans, cikin ginin kasuwar French Market. Zaman wucin-gadi aka nufa, amma sai 2023 ta tashi zuwa ginin Jax Brewery.

Abin lura a fasahance shi ne situdiyo da na'urar watsawa abubuwa biyu ne daban, hanyar sigina ce kawai tsakaninsu. Muddin turke da eriya da wuta suna nan, ana iya ciyar da su daga wani gari. Saboda haka janareta da mansa a gindin turke sun fi na situdiyo muhimmanci, kuma hanyar sigina ta biyu a tanade ta tun rana ba ta ɓaci ba, a riƙa gwada ta.

Ajiyar sauti ita ce ta fi tsayawa a rai. Tashar tana da dubban sa'o'i na wasannin da ta naɗa kai tsaye, wasu na makaɗan da sun riga mu gidan gaskiya, kuma a lokacin babu kwafinsu a ko'ina. Sun tsira daga ruwan, kuma a 2007 ta miƙa fiye da awa 7,000 ga Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka domin a adana. Kaset ba ya jure zafi da laima. Wasu nau'o'in zaren sukan yi danƙo, su manne wa kan na'ura, sai an gasa su a hankali a zafin da bai wuce digiri 55 ba kafin a iya juya su, kuma gyaran na ɗan lokaci ne, dole a kwafe nan take. Ƙaramin kaset na dijital da ake kira DAT ya fi haɗari, domin in ya lalace ba shuu yake yi ba, sautin ne ke yankewa ɗungurungum, ga injinan kunna shi an daina ƙerawa. Ƙa'idar masu adana sauti ita ce kwafi 3, a ma'aji iri 2, ɗaya a wani gari, kowane da kwanan wata da sunayen waɗanda suka yi wasan a rubuce.

Wannan ajiyar ta yi ranarta a 2020. Da annobar korona ta sa aka soke bikin jaz, WWOZ ta ɗebo tsofaffin wasannin bikin ta jera su a ranakun da aka saba yin sa, da jadawali awa-awa kamar na gaske, mutanen gari suka fito da rediyo bakin ƙofa suna saurare.