Inda na kai a koyon auna arzikin birni

'Yan uwa abokan koyo, barkanmu da ƙoƙari. Na ɗan ajiye karatu zalla, na buɗe jadawali a kwamfuta na soma lissafi da hannuna, don gani ya kori ji. Babban abin da na fahimta zuwa yanzu shi ne, kafin ka ce birni kaza yana samar da kaza a shekara, sai ka fara tsayar da inda birnin ya ƙare da kuma waɗanda za ka ƙirga a cikinsa. Duk lissafin da ke biyo baya bai kai wannan wuya ba.

Tun asali don ƙasa aka ƙirƙiro ma'aunin GDP, wato jimillar darajar abin da aka samar a shekara, ba don birni ba. A 1934 ne masanin tattalin arziki Simon Kuznets ya gabatar wa majalisar dattawan Amurka rahotonsa kan kuɗin shigar ƙasa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da tsarin lissafin ƙasa a 1953, aka sabunta shi a 1968 da 1993 da 2008. Ƙasa tana da iyaka, tana da kwastam masu rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Birni kuwa kaya da mutane suna ta kai-komo ba mai riƙe da alƙalami a ƙofa. Shi ya sa auna birni ta hanyar kuɗin da aka kashe yake da matuƙar wahala, sai dai a bi ta abin da aka samar ko abin da aka biya ma'aikata da masu jari. Ko a Amurka, da duk yawan bayanansu, sai a 2007 hukumarsu ta lissafin tattalin arziki, BEA, ta soma fitar da alƙaluman manyan birane, na gundumomi kuma sai Disamba 2018. Don haka kada wanda ya ji abin ya yi masa tsauri ya karaya.

Ga sababbi a cikinmu: abin da ake tarawa shi ne darajar da kowa ya ƙara, ba kuɗin ciniki ba. A ce masaƙa ta sayi zare a 40 ta sayar da yadi a 70, tela ya ɗinka ya sayar a 120. Masaƙa ta ƙara 30, tela ya ƙara 50. Idan masaƙar tana wani gari, 50 ɗin nan kaɗai ne rabon birnin telan.

To, batun iyaka. Akwai iyakar mulki, wadda ita ce a takarda. Akwai inda gine-gine suka tsaya. Akwai kuma inda masu zuwa aiki kullum suke kwana. Da wuya ukun su haɗu wuri ɗaya. Chongqing ta China a takarda birni ce mai mutum kusan miliyan 32 a ƙidayar 2020, amma faɗinta ya haura murabba'in kilomita 82,000, kusan girman ƙasar Austriya ke nan, kuma mafi yawan wannan fili duwatsu ne da gonaki da ƙananan garuruwa. A ɗaya gefen kuma ga tsohuwar cibiyar Landan, wadda ƙidayar 2021 ta samu mazaunanta ba su kai 9,000 ba, alhali fiye da mutum 500,000 ke aiki a cikinta. Ka raba abin da ake samarwa a can da yawan mazauna, za ka samu adadin da ba ya nufin komai, domin mutanen da suka yi aikin daban, waɗanda ka raba wa daban. Haka Luksambag take fama: kusan rabin ma'aikatanta daga Faransa da Beljiyam da Jamus suke shigowa su koma, sai kason kowane ɗan ƙasa ya kumbura a takarda.

An yi ƙoƙarin daidaita wannan. A Maris 2020 hukumar ƙididdiga ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da wata hanya da ba ruwanta da iyakar mulki: a yanka taswira gida-gida, kowane gida murabba'in kilomita ɗaya, a haɗa gidajen da ke manne da juna masu aƙalla mutum 1,500 kowanne, in jimillarsu ta kai 50,000 to an samu cibiyar birni. Ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD da Tarayyar Turai suna ƙara yankunan da aƙalla kashi 15 cikin 100 na ma'aikatansu ke shiga birnin aiki. Amurka kuwa kashi 25 take amfani da shi wajen haɗa gunduma da babban birni. Kun ga ke nan ko ƙwararrun ba su tsaya a lamba ɗaya ba. Na gwada hanyar gida-gidan a manhajar taswira ta QGIS da taswirar yawan jama'a ta GHSL, wadda kyauta ce, kuma ina ba kowa shawara ya yi, ko don ya ga yadda garuruwa biyu da ke da sunaye daban suke narkewa su zama abu ɗaya.

Gwajin lissafi na yi shi a kan Landan ne, saboda dalili ɗaya: hukumar ƙididdigar Birtaniya, ONS, tana wallafa nata adadin, don haka akwai abin da zan auna kaina da shi. Hanyar mai sauƙi ce. Ka ɗauki abin da kowane fanni ya samar a ƙasa baki ɗaya, kamar masana'antu, gine-gine, sufuri, harkar kuɗi. Ka nemo kason ma'aikatan fannin da ke aiki a birnin. Ka ninka, ka tara. In birni yana da kashi goma na ma'aikatan sufuri, sai ka ba shi kashi goma na abin da sufuri ya samar. Nawa adadin ya fito ƙasa da na hukuma, kuma haka ya kamata ya fito. Landan tana da kusan kashi 13 na mutanen Birtaniya amma tana samar da fiye da kashi 20 na arzikinta, hanyar kuwa tana ɗauka cewa ma'aikacin banki a ƙaramin reshe da na babbar hedikwata abu ɗaya suke samarwa. Da na sauya yawan ma'aikata da jimillar albashin da ake biya a kowane fanni, sai tazarar ta ragu. A ganina duk wanda ya samu bayanan albashi kada ya tsaya ga ƙirga kawuna. Sannan a rarraba fannonin ƙanana iya yadda bayanai suka ba da dama, don dunƙule su yana ɓoye bambancin da ake nema.

Albashi ma bai warware matsalar hedikwata ba. Kamfani yana haƙar ma'adinai a wani yanki, rajistarsa da asusunsa suna babban birni, ribar ta wa ce? A Janairu 2018 yankin Binhai na birnin Tianjin a China ya rage adadinsa na 2016 da kusan kashi ɗaya cikin uku, daga yuwan tiriliyan ɗaya zuwa biliyan 665, bayan an koma ƙirga kamfanoni ta inda suke aiki maimakon inda suka yi rajista. Shekara guda kafin nan lardin Liaoning, shi ma a China, ya amsa cewa an yi ƙari a alƙalumansa na 2011 zuwa 2014. Duk inda ake auna shugaba da adadin da ofishinsa ke fitarwa, a riƙa karanta adadin da ido biyu.

Wannan ne ya kai ni ga hasken dare da taurarin ɗan'adam ke ɗauka, kuma a nan na fi daɗewa don abin yana da daɗin kallo. Tsofaffin hotunan taurarin DMSP na Amurka sun faro daga 1992 zuwa 2013, amma ma'aunin haskensu yana tsayawa a maki 63, sai tsakiyar kowane babban birni ta zama fari fat, ba ka bambance unguwar kasuwanci da ta kwana. Na'urar VIIRS da aka harba a 2011 ta fi kaifi sosai. Binciken Henderson da Storeygard da Weil na 2012 ya nuna cewa idan haske ya ƙaru da kashi ɗaya, arziki yakan ƙaru da kusan kashi 0.3. Sai dai VIIRS tana wucewa ne wajen ƙarfe ɗaya da rabi na dare, lokacin da yawancin shaguna sun rufe. Wutar gas da ake ƙonawa a rijiyoyin mai tana fin gari guda haske. Kuma na'urar ba ta ganin shuɗin haske sosai, har birnin Milan na Italiya da ta koma fitilun LED a wajen 2015 ta yi kamar ta dushe, alhali ba talaucewa ta yi ba. Hukuncina shi ne haske ya fi amfani wajen nuna inda birni ke miƙewa da saurin miƙewarsa, ba wajen faɗin nawa yake samarwa ba.

Ramin da ya fi girma shi ne sana'o'in da ba su da rajista. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce a 2018 mutum biliyan biyu, fiye da kashi 60 na ma'aikatan duniya, a nan suke neman abinci. Kundin kamfanoni bai san da su ba. Sai binciken da ake bi gida-gida ana tambayar mutane aikin da suke yi ne ke kamo su, shi ma sau da yawa samfurinsa ya yi kaɗan a ce za a ciro birni ɗaya daga ciki.

Mai tsara birni kuma, in ka duba da kyau, jimillar ba ta yanke masa hukunci. Ba ta gaya masa inda zai sa layin bas ko faɗin bututun ruwa. Abin da yake buƙata shi ne wane fanni ne ke girma, a wace unguwa, ma'aikatansa daga ina suke tasowa da safe. Saboda haka aikina na gaba shi ne in farfasa adadin Landan ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, in ɗora shi a taswira ɗaya da bayanan zirga-zirgar ma'aikata. Wanda ya taɓa haɗa irin waɗannan jadawalai biyu a QGIS, ina son jin yadda ya yi da yankunan da aka sauya wa iyaka tsakanin ƙidaya da ƙidaya.