Gamzaki da Zara: Me Suna Yake Ɗauke da Shi?

Tauraron nan mai haske da ake gani a gabas kafin fitowar rana, wanda Bahaushe yake kira Gamzaki, da kuma tauraruwar da ake gani a yamma bayan magariba, sau da yawa kusa da jinjirin wata, har ake yi mata kirari da Zara matar wata, abu ɗaya ne. Masana sararin samaniya sun tabbatar cewa duniya ce mai kewaya rana kamar tamu, wadda Larabawa suke kira Zuhura. Da yake ta fi mu kusa da rana, nisanta da rana a idonmu ba ya wuce kimanin digiri 47, saboda haka sai ta yi watanni tana riga rana fitowa, ta ɓace, sannan ta yi wasu watannin tana bin bayanta, kuma lamarin yana maimaita kansa duk bayan kwana 584. Girkawan dā ma sunaye biyu suka ba ta kafin su gane cewa ɗaya ce.

Da wannan misali na tauraron asuba da na maraice wani masanin lissafi Bajamushe, Gottlob Frege, wanda ya koyar a jami'ar Jena, ya tayar da wata tambaya a maƙalar da ya wallafa a shekarar 1892, kuma har yau masana falsafar harshe ba su gama da ita ba. Idan na ce Gamzaki shi ne Gamzaki, mai sauraro bai ƙaru da komai ba. Idan kuwa na ce Gamzaki shi ne Zara, na faɗi abin da sai da mutane suka daɗe suna lura da sama kafin su gano shi, kuma mai sauraro yana iya yin mamaki ko ya yi musu. To idan ma'anar suna ita ce kawai abin da sunan yake nuni gare shi, kamar yadda John Stuart Mill na Ingila ya tafi a kai tun a 1843, ya kamata jimlolin biyu su zama daidai, tunda duk sunayen abu guda suke nunawa. Ga shi kuma ba daidai suke ba.

Amsar Frege ita ce suna yana ɗauke da abubuwa biyu: abin da yake nunawa, da kuma fuskar da yake nuna shi da ita. Gamzaki yana gabatar da Zuhura a matsayin mai fitowa da asuba, Zara kuma tana gabatar da ita a matsayin abokiyar tafiyar wata. Wanda ya yi karatun manɗiƙi a zaure ba zai ji wannan baƙo ba, domin malaman fannin sun daɗe suna rarrabe abin da ake fahimta daga lafazi da abin da lafazin yake gaskata a kansa. Amfanin rarrabewar yana fitowa fili idan ana ba da labarin abin da ke cikin zuciyar wani. Manomin da ya saba sammako ya tabbata cewa Gamzaki yana fitowa kafin alfijir, amma idan aka ce ya yarda Zara tana fitowa kafin alfijir, an yi masa ƙarya, ko da yake ba a sauya abin da ake magana a kansa ba. Haka nan rarrabewar ta warware matsalar sunayen da ba su da mai su. Babu wani Gizo ko Ƙoƙi da suka taɓa rayuwa, amma yaron da yake sauraron tatsuniya ya fahimci sunayen sarai, bai kuma taɓa rikita miji da matarsa ba.

An daɗe ana ganin magana ta ƙare a nan, musamman bayan masanin falsafa Bertrand Russell ya ƙarfafa ra'ayin cewa sunayen da muke amfani da su taƙaitattun siffantawa ne. Sai a 1970 wani masanin falsafa mai suna Saul Kripke ya gabatar da laccoci uku a jami'ar Princeton ta Amurka, ya nuna cewa akwai ɓaraka. Mutane da yawa ba su san komai game da Christopher Columbus ba illa wai shi ne Bature na farko da ya taka nahiyar Amurka, alhali mutanen arewacin Turai sun riga shi isa can da kusan shekara 500. Da a ce siffar da ke kan mai magana ita ce take tantance wanda ake nufi, da duk wanda ya ambaci Columbus da wannan fahimta wani matuƙin jirgin ruwa daban yake nufi. Amma kowa ya san Columbus ɗin yake nufi, kuskure kawai ya yi a kansa. Kripke ya ce abin da yake ɗaure suna da mai shi shi ne ranar da aka raɗa shi, da kuma yadda ya riƙa wucewa daga baki zuwa baki har ya iso gare mu.

A nan ina ganin Kripke ya fi gaskiya, kuma duk wanda ya halarci suna ya ga hujjarsa da idonsa. Ran kwana bakwai da haihuwa, da sassafe, maza suna zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, an raba goro da dabino, uba ya raɗa wa liman sunan, an yi addu'a an shafa, sannan maroƙi ya ɗaga murya ya sanar, labari ya shiga cikin gida wurin mata. A wannan lokacin jaririn ba shi da wata siffa da za a san shi da ita, bai yi karatu ba, bai yi sana'a ba, ba a san halinsa ba, amma sunan ya riga ya kama shi, kuma zai bi shi ko ya zama malami ko ya zama ɗan kasuwa. Sarauta ba haka take ba. Sardaunan Sakkwato laƙabi ne da Sir Ahmadu Bello ya riƙe har rasuwarsa a Janairun 1966, an kuma naɗa wani bayansa, domin sarauta tana bin wanda aka naɗa wa rawani, suna kuwa ba ya tashi daga kan mai shi. Duk da haka bayanin Kripke bai kawar da tambayar farko ba, domin bai gaya mana dalilin da ya sa mutum zai san abu da suna ɗaya ya jahilce shi da ɗayan ba. Shi ya bayyana yadda suna yake kama mai shi, Frege kuma ya bayyana abin da mai magana ya riƙe a ransa, kuma ban ga dalilin tilasta wa kai zaɓar ɗaya a yar da ɗaya ba.

Inda nake da ja da su duka biyun shi ne wani ɓangare da suka ɗauka ƙarami. Frege ya lura cewa kalmomi biyu suna iya nuna abu ɗaya ta fuska ɗaya amma su bambanta wajen ladabi ko zafi, sai ya kira wannan launi ko ado na magana, ya ajiye shi gefe saboda ba ya sauya gaskiyar jimla ko ƙaryarta. Ga mai neman kafa lissafi a kan manɗiƙi wannan daidai ne, amma ga mai neman sanin yadda mutane suke fahimtar juna asara ce babba. A gidajen da ake kiyaye alkunya, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, mace ba ta kama sunan mijinta sai ta ce Malam ko maigida, yaron da aka sa wa sunan kakansa kuma ana kiransa Abba ko Baba, yarinya Ummi ko Mama, don kada sunan babba ya riƙa yawo a bakin kowa. Idan uwar yaron ta cire Abba ta sa sunan yanka a gaban mijinta da danginsa, jimlar da ta faɗa tana nan gaskiya, yaron da take nufi bai sauya ba, ba ta kuma kawo wani sabon bayani game da shi ba. Amma duk wanda ke wurin ya ji ta faɗi wani abu game da matsayin surukinta a wurinta, kuma a kan wannan abin za a yi mata magana bayan baƙi sun watse. Bayanin ma'ana da ba zai iya faɗin abin da mutanen gidan suka ji ba bai kammala aikinsa ba tukuna, domin su ba su ɗauke shi ado ba, sun ɗauke shi saƙon da aka aiko musu.