Abin da Tantance Sanarwar Guraben Aiki Ya Koya Mini

Tun da aka ɗora mini alhakin duba sanarwar neman ma'aikata kafin a isar da ita ga 'yan ƙungiyarmu ta masu rubuta manhajar kwamfuta, na lura cewa ƙa'idojinmu duka sun taru ne a kan abu guda: mutane sun shigo domin musayar ilimi, don haka lokacinsu amana ne a hannunmu.

Sharaɗin da muka fi tsanantawa a kansa shi ne a ambaci sunan kamfanin. Dillalan ɗaukar ma'aikata sukan ɓoye shi don kada a tsallake su a je kai tsaye, amma mai neman aiki yana da haƙƙin sanin wanda zai miƙa wa takardunsa da lambar wayarsa.

Batun albashi ne ya fi jawo mana gardama. Kamfanoni da yawa sun fi son su rubuta "albashi mai tsoka" su yi shiru, alhali wannan magana ba ta gaya wa kowa komai, sai dai ta sa mutum ya ɓata makonni yana zuwa ganawa kafin ya gano cewa kuɗin bai kai abin da yake karɓa a yanzu ba. Jihar Colorado ta Amurka ta wajabta bayyana iyakokin albashi a sanarwar aiki tun 2021, birnin New York ya bi sahu a 2022, Tarayyar Turai kuma ta amince da irin wannan doka a 2023. Mu ma ba ma karɓar sanarwar da ta yi alkawarin hannun jari kaɗai babu albashi.

Akwai kuma sharuɗɗan da babu wanda zai iya cikawa. A 2020 Sebastián Ramírez, wanda ya ƙirƙiri FastAPI (wani tsari da masu rubuta manhaja ke amfani da shi wajen gina manhajojin intanet), ya ba da labarin wata sanarwa da ke neman gogewar fiye da shekara huɗu a kanta, alhali a lokacin shekara ɗaya da rabi ne da ɗan wani abu kacal da ya ƙirƙire ta. Shi ya sa muke roƙon a bar injiniyan da zai yi aiki da sabon ma'aikacin ya karanta sanarwar tukuna.

Idan aikin na nesa ne, wato wanda ake yi ba tare da zuwa ofis ba, dole a faɗi ƙasashen da aka amince da su da sa'o'in da ake buƙatar mutum a bakin aiki. Gurbi ɗaya kuma sau ɗaya ake sanar da shi a wata.