Ranar da dilolin roba suka fashe mini

Wata bakwai ke nan da faruwar abin, amma har yau idan wani abu ya yi "tas" a filin da muke jibge kaya sai gabana ya faɗi. Sana'ata tara kwali da robobin ruwa da gwangwanayen lemo, mu matse su da inji su zama dila, mu ɗaure, mu sayar wa masu sake sarrafawa. Duk wanda ke wannan harka ya san kuɗin wayar ɗauri ba ya ƙarewa. Inji sau ɗaya za ka saya, waya kuwa kowace dila da ta fita sai ta tafi da guda biyar, kuma ba dawowa za su yi ba. Shi ya sa da kasuwar kwali ta yi sanyi na zauna neman inda zan rage kashe kuɗi, a kan waya idona ya fara sauka.

Injina na tsaye ne, mai faɗin inci 60, da tsaga biyar ta zura waya. Na hannu na saye shi, kuma irin wayar da tsohon mai shi yake amfani da ita na ci gaba da saye ban taɓa tambayar dalili ba: baƙar waya mai zobe ɗaya a kai, geji 12 (geji shi ne lambar kaurin waya), tsawon ƙafa 16. Da ita muke ɗaure komai, daga kwali har roba har gwangwani. Shekara uku ko dila ɗaya ba ta taɓa fashe mana ba, kuma ina ganin wannan zaman lafiyar ce ta sa na raina aikin da wayar take yi.

Wani mai sayar da waya ya leƙo wata rana, ya ɗaga guda ɗaya daga cikin tamu ya jujjuya ta, ya ce, "Maigida, ai kuɗinka kake zubarwa. Geji 14 kowa ke ɗaure kwali da ita." Ba zan ɗora masa laifi ba, domin gaskiya ya faɗa, kuma kwali ya ce. Ni ne kunnena ya ji "komai". Ya ba ni farashin dami, na ga damin geji 14 mai guda 250 bai fi namu mai guda 125 tsada da wani abin kirki ba. A bayan wani tsohon rasit na buga lissafi, na ga kuɗin waya zai ragu da kusan rabi. Ya ƙara da cewa idan na ɗauki dami 20 a tashi ɗaya zai yi mini ragi kuma ya kawo mini har ƙofa. Ko guda ɗaya ban nemi in gwada ba, na ce a kawo. Waya dubu biyar ke nan, ta ɗaurin dila dubu.

Na san lambar geji tana hawa ne waya tana sirancewa, wannan kowa ya sani. Abin da ban tsaya na auna ba shi ne girman bambancin. Geji 12 kaurinta wajen milimita 2.7 ne, geji 14 kuma wajen milimita 2.0. A ido kamar ba komai, idan ka riƙe su a hannu sai ka ce wa da ƙani ne. Amma ƙarfin waya yawan ƙarfen da ke cikinta yake bi, shi kuwa yawan ƙarfen kauri sau kauri ake lissafa shi. Idan ka yi wannan lissafin za ka ga geji 14 ba ta kai kashi 60 cikin 100 na ƙarfen geji 12 ba. Wato nauyin da waya biyar masu kauri suke riƙewa sai an sa siririya kusan tara kafin su riƙe shi, ni kuwa tsaga biyar injina yake da ita. Arhar da na gani a bayan rasit ba kyauta aka yi mini ba, ƙarfe ne aka rage, kuma daidai abin da aka rage na biya.

Makon farko kwali muka yi, lafiya lau. Har na fara yi wa abokan sana'a gorin cewa na gano abin da ba su gano ba. Sai aka zo kan roba, muka ɗaure dila 18 cikin kwana biyu domin akwai motar da za ta ɗauka ƙarshen mako. Da aka fito da su daga inji tsaf suke, wayoyin sun ɗame, babu alamar komai.

Rana ta uku da tsakar rana ina ofis na ji "tas", kamar an fasa wani abu. Na fito ban ga komai ba, na koma. Can an jima na sake ji. Babban yarona, wanda ya fi kowa daɗewa a kan injin, ya zo ya ce, "Maigida, zo ka ga wani abu." Waya ɗaya ta tsinke a wata dila, daidai wurin murɗi, dilar ta ɗan kumburo ta gefen. Ya ce shi dai hankalinsa bai kwanta da wannan wayar a kan roba ba. Na ce masa wataƙila shi ne ya murɗa ta fiye da kima. Wannan maganar tana cikin abubuwan da har yanzu nake jin kunyarsu.

Kwali idan ka danne shi yakan haƙura ya kwanta, ɗan tasowar da zai yi kaɗan ce. Gwangwani ma idan ya lotse ya lotse ke nan. Robar ruwa ba haka take ba, kullum neman komawa siffarta take yi, tana tura waya dare da rana. Balle wadda aka matse da murfinta a rufe, iska na ciki, rana ta buga ta iskar ta buɗe. Mu kuwa a lokacin ba ma cire murfi, ba ma huda su, tunda wayar da muke da ita a da tana shanye wannan sakacin namu ba mu sani ba. Sannan idan waya ɗaya ta tsinke nauyinta kan sauran huɗun yake komawa, su ma da ma a bakin ƙarfinsu suke.

Ranar lodi aka yi ta ta ƙare. Motar ɗaga kaya ta sa ƙahonninta ƙarƙashin dila ta huɗu, tana ɗagawa dilar ta ɗan lanƙwashe, wayoyi uku suka tsinke kusan lokaci guda. Robobi suka watse ko'ina. Bakin wata waya ya yi bulala ya sami yaron nan nawa a fuska, shi da ya gargaɗe ni. Na gan shi ya dafe ido ya durƙusa, jini na bin yatsunsa. Ban san sanda na isa wurinsa ba. Da aka janye hannun sai muka ga a kan gira ta yanke shi, tsakaninta da ƙwayar idon bai fi faɗin yatsa ba. Ɗinki huɗu aka yi masa. Ana cewa garin gyaran gira a rasa ido, ni ban taɓa zaton zan ga karin maganar nan a tsaye a gabana ba. Tabarau na kariya kuwa suna nan rataye a ƙusa, ba wanda ya saka, domin ban taɓa matsa wa kowa sai ya saka ba.

Direba ya ce ba zai ɗauki sauran ba, kuma da gaskiyarsa, ba wanda zai so dila ta fashe masa a hanya. Ukun da aka riga aka loda ma sai da aka sauke. Na biya kuɗin zuwan mota ta koma wayam. Na aika aka sayo geji 12 a farashin ɗai-ɗai, wanda ya fi na da tsada, tunda mai neman gaggawa ba ya ciniki. Dila 18 ɗin nan kuma ba a iya ƙara musu waya daga waje a ce an gyara, dole a kwance kowace, a sake zuba robobin cikin inji, a sake matsewa. Kwana uku muka yi a kai, ga kuɗin wuta, ga na ma'aikata, ga sabon kaya na ta taruwa ba a taɓa shi ba. Waya 90 da aka ɗaure su da farko ta zama ta gwangwan. Mai sayen ya karɓi kayan bayan mako guda, amma daga ranar sai ya riƙa sa a duba kowace dila tawa kafin a sauke. Da na haɗa komai, har da kuɗin asibiti, asarar ta cinye duk abin da nake sa ran ragewa a kan dami ashirin ɗin, ta ɗora.

Abin haushin shi ne akwai kuɗin da ake iya ragewa da gaske, yana gabana shekara uku ban gan shi ba. Bayan ƙura ta lafa na ɗauki tef na auna dila da kaina, abin da ya kamata in yi tun ranar da na sayi injin. Kaurinta inci 30, tsayinta inci 48. Ka haɗa su ka ninka biyu, inci 156 ke nan, ƙafa 13 cif. Ka ƙara ƙafa ɗaya ta zurawa cikin zobe da murɗawa, ƙafa 14 ta isa. Mu kuwa ta ƙafa 16 muke saye. Kowace waya ƙafa biyu ake yankewa ko a lanƙwashe a cusa, ke nan duk waya takwas mun zubar da guda ɗaya sukutum. Kashi ɗaya cikin takwas na kuɗin wayata a ƙasa yake ƙarewa, yara na sharewa da yamma. Ko sabuwar siririyar da na sayo, mai ƙafa 16 na ce a kawo, tsawon bai ma zo mini a rai ba. Na tsallake ragin da ba shi da haɗarin komai na je na taɓa kauri, wurin da ran mutum yake.

Maganar mai wayar ma ta tabbata a inda ya yi ta. Geji 14 tana riƙe mana kwali sarai, dilar da ke kai kilo 400, in dai ba a cika ta fiye da yadda injin ya nuna ba. Ke nan shekara uku ina ɗaure kwali da wayar da ta fi ƙarfin aikin. Yanzu iri biyu nake ajiyewa, siririya ta kwali da gwangwani, mai kauri ta roba. Na sa an shafa jan fenti a bakin damin mai kaurin don kada wani ya ɗauko a gaggauce ya rikita. Robobin kuma sai an cire murfi ko an huda su kafin su shiga inji, kuma idan an yi dannawar ƙarshe mukan bar farantin injin da ke danne su a kansu na ɗan lokaci kafin a zura waya. Tun da muka fara haka dilolin suka fi nauyi, wanda shi ma ragi ne, domin waya biyar ɗin dai ita ke ɗaure kaya mafi yawa.

Na kuma daina tambayar nawa ne dami. Nawa ne guda ɗaya nake tambaya, kauri nawa a milimita, tsawo nawa, da kuɗin kawowa a ciki. Na nace a kan milimita ne saboda lambar geji ba ɗaya ba ce a ko'ina. Geji 12 na wayar lantarki, alal misali, milimita 2.05 ne, kusan daidai da geji 14 na wayar ƙarfe, don haka lamba kaɗai ba ta ishe ni ba. Idan kaya ya iso, dami ɗaya nake ɗorawa kan sikeli kafin in sa hannu. Guda 125 na geji 12 mai ƙafa 14 ya kamata su yi kusan kilo 24. Idan na ga 18, to geji 13 aka kawo mini ko kuma adadin bai cika ba. Sau ɗaya hakan ta faru, na mayar.

Sarin da na yi don samun ragi shi ma bai bar ni haka ba. Tunda kwali kaɗai siririyar ke yi, dami ashirin sun daɗe fiye da yadda na tsara. Baƙar waya ɗan mai ne kawai a jikinta, ba kamar fara ba da aka yi wa rufin tutiya. Waɗanda ke ƙasa a kan siminti suka sha danshi, dami uku suka yi tsatsa har idan ka lanƙwasa bakin waya sai ja ya zubo maka a hannu. Ban yarda an ɗaure ko kwali da su ba. A da, da na ce a lallaɓa a yi amfani da su kada a yi asara. Sauran na sa an ɗora su kan katako an rufe, kuma yanzu abin da zai ishe mu wata uku nake saye, ko da ragin bai kai na babban sari ba.

Kwanan baya wani ya kawo mini geji 13 ya ce za ta iya roba tunda yanzu muna huda su. Mai yiwuwa ne. Na karɓi guda goma kawai, muka ɗaure dila biyu, na sa aka kai su can ƙarshen fili inda rana ke dukansu kuma ba mai bi ta wajen, aka zagaye da igiya. Yau kwanansu tara, ba wadda ta tsinke. Na tambayi yaron nawa ra'ayinsa, ya shafa tabon da ke girarsa ya ce, "Maigida, a bari su cika wata, sannan a ɗaga su da mota sau biyu mu gani." Haka za a yi, kuma ranar ɗagawar kowa da tabarau a fuskarsa, har ni.