Kukan burki a tsohuwar mota

Ba kowace ƙarar burki ce matsala ba fa. In mota ta kwana a waje da damina, da safe ka ji ƙiiii sannan ta yi shiru, tsatsa ce ta hau dis, wato faifan ƙarfen burki da ke juyawa tare da taya, kana takawa kaɗan za ta goge. Ƙurar hunturun nan tamu ta Kano ma tana sa haka.

Amma kukan da kullum sai ya yi, musamman a cikin goslo, to yawanci fad ne ya cinye, wato abin da ke matse dis in ka taka burki, akwai wani ɗan ƙarfe a jikinsa da aka sa da gangan ya dinga gogar dis yana maka ihu tun kafin ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Ka sa bakanike ya cire taya ka leƙa da idonka, in kaurin fad ɗin bai wuce milimita 3 ba a canza, hagu da dama tare, kar ka yarda da gefe ɗaya wai don sauƙi. In dis ya huce shafa yatsa a kai, ka ji zane mai zurfi shi ma sai an gyara.

A kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa fad kala-kala ne, mai arhar nan ko sabo ne yana kuka wallahi. Giris kuma a bayan fad kawai, kar ya taɓa fuskar da ke gogar dis.