Keken da zai sauka Hawan Kibo

Shagona a Bukuru yake, ɗaki ɗaya da rumfa, ni da yara uku. A hannun mahaifina na koyi gyaran keke, zamanin da Rali da Phoenix suka cika gari, aikin kuma bai wuce faci da sauya boris da miƙar da gargare ba. Yau rabin abincina daga kekunan tsere yake fitowa, masu siririyar taya da lanƙwasasshen kai, waɗanda ake shigo da su na hannu ta Kwatano da Legas. Masu su ma'aikata ne da ɗalibai, sai 'yan kasuwar da likita ya ce su riƙa motsa jini. Kuma duk wanda ya kwana biyu yana zaga gari, ƙafarsa ta yi ƙwari, wata rana sai ya shigo ya ce, "Malam, a shirya mini shi, ranar Asabar Assop za mu."

Assop wuri ne da ruwa ke zubowa daga kan dutse, a ƙasan gangarar Hawan Kibo, kuma daga Jos zuwa can kusan kilomita 60 ne. In ka bar Bukuru ka isa Mararrabar Jama'a, sai ka kama hanyar Akwanga, ka wuce Riyom da duwatsunta da ke ɗore kan juna kamar da hannu aka jera su. Gefen titi gonakin acca ne da dankalin turawa, ga shingen ƙerana, ga kududdufan da haƙar kuza ta bari. Duk wannan a kan tudu kake, sama da mita 1,200 daga teku, da asuba yatsu har ƙagewa suke yi. A Hawan Kibo ne ƙasar take yankewa. Titi ya shiga gangara yana nannaɗewa a jikin dutse, kwari ya buɗe a gabanka kore shar, iska tana ɗumi kana ji a fuska, har ka fara jin ƙarar ruwan Assop yana zubowa tsakanin duwatsu da itatuwa. Na je wurin ban san adadi ba, har yau in na kai bakin gangarar sai na ce Subhanallah.

Masu keke hawan suke tsoro. Ni saukar ce take hana ni barci. Yawancin kekunan nan birkinsu roba ce da ke matse gargare. In mutum ya danne birki bai saki ba tun daga sama har ƙasa, gargaren zai yi zafin da hannu ba zai taɓa ba, robar ta yi santsi ta daina kamawa, iskar da ke cikin taya ta kumbura. Wani saurayi ya taɓa karɓar kekensa da gaggawa ana gobe tafiya, ya ce birkin lafiya lau yake, na bar shi ya tafi ban duba ba. A tsakiyar gangara tayarsa ta gaba ta fashe. Allah ya kiyaye, ƙujewa kawai ya yi da targaɗe a hannu, amma da na ga gargaren ya cinye har ya yi rami, jikina ya yi sanyi. Tun ranar keke ba ya fita shagona zuwa wannan hanya sai na cire robar birki na gani da idona, na shafa gargare da yatsa, na ja waya na ji ko ta fara tsinkewa daga ciki. Wanda ba zai jira ba, ina ba shi haƙuri ya kai wani wuri. Wanda ya jira kuwa, sai in zaunar da shi in faɗa masa: ka matsa ka saki, ka matsa ka saki, ka rage gudu tun kafin kwana, kada ka bari sai ka shige ta.

Sai maganar giya. Kekunan da ke zuwa daga Turai da yawansu an haɗa su ne don tsere: faranti mai haƙora 53 da 39 a gaba, na baya mafi girma 23 ko 25. Da wannan za ka sauka lafiya, amma dawowa sai turi. Nakan sa wa mutum 34 a gaba, 32 a baya, in kuma keken zai ɗauka in sauya masa taya daga mai faɗin milimita 23 zuwa mai 28, saboda ramuka da tsakuwa. Samari ba sa so, gani suke kamar giyar tsofaffi ce. Wanda ya taɓa tura keke da takalmin tsere a Hawan Kibo, rana ta take, ba ya sake musu. Kayan Shimano, kamfanin da ke ƙera giya da birkin keke, na gaske wahalar samu suke, jabu kuwa ya cika kasuwa, don haka duk keken da ya mutu nakan saye shi in kwance in adana abin da ke da sauran rai.

Ranar tafiya ina bin su a baya da ƙaramar mota, da famfo, da tayoyi, da jarkar ruwa, da ayaba. Ba ma tashi sai mun tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki, kuma ba wanda zai hau babu hular kwano. Manyan motoci ne babbar damuwa, don Hawan Kibo ya yi suna wajen tirelolin da birki ke ƙwace musu. Shi ya sa nake kunna fitilu in tsaya tsakanin masu keken da abin da ke tafe. Da damina ruwan ya fi kyau amma titi na santsi. Ni na fi son Oktoba zuwa Nuwamba, ciyawa ba ta bushe ba, hazo bai sauko ba.

Ranar Litinin kekunan duk suna dawowa rumfa, sarƙa ta sha ƙura, robar birki ta ragu. Ƙaramin yarona, wanda bai fi wata shida da zuwa ba, ya ɗauki wani gargare makon jiya ya shafa, ya ce, "Maigida, wannan ba zai ƙara sauka ba." Na karɓa na shafa, haka ne. Na ce ya kira mai shi ya faɗa masa da kansa.